Kafin ka sayi jakar magori don tsaron wayarka

Ka san tallar nan. Kana tsakiyar kallon bidiyo a Facebook ko kana ƙoƙarin sauke waƙa, sai jan rubutu ya cika fuskar waya: wai an gano bairos goma sha uku a wayarka, batirinka na dab da lalacewa, maza danna nan. Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta. Shafin intanet ba shi da hanyar leƙa cikin wayarka ya ƙirga cututtukanta. Amma tallar tana da yaya mai mutunci, wadda kamfanoni na gaske ke yi, irin su Norton 360, McAfee, Bitdefender Total Security, Kaspersky Premium da Avast One. Su cewa suke yi ka biya kuɗi sau ɗaya a shekara su ba ka komai a ƙunshi guda: maganin bairos, VPN, ma'ajiyar kalmomin sirri, mai tace shafuka, mai neman waya in ta ɓata, har da mai sa wa yara ido. Jakar magori ke nan, ba abin da babu a ciki.

Ɗaya hanyar kuma ita ce ka bi kowace ƙofa ka sa mata kwaɗonta daban. Wanne ya fi?

In kai matashi ne a Sharabi, ko Lolo, ko Tsamiya, ko cikin garin Bagudo, kuma duk harkarka a waya take, shawarata ka bar jakar nan a inda ka gan ta. Kayan cikinta na gaske ne, ban ce na bogi ba ne. Sai dai telan da ya ɗinka rigar ba awonka ya ɗauka ba. Ya auna magidanci ne a Amurka ko Turai mai kwamfutoci uku a gida, da intanet ɗin da ba ya yankewa, da katin bashi na banki. Wani sashe mai tsada na abin da suke sayarwa, kamar sa ido kan lambar shaidar ɗan ƙasa ta Amurka da inshorar satar suna, ba don NIN ɗinka ko BVN ɗinka aka gina shi ba. Za ka biya kuɗin rigar duka, ka sa hannu ɗaya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To bari mu duba namu ɗakin.

Dukiyarka ba a cikin fayil ɗin kwamfuta take ba. Tana maƙale da ɗan ƙaramin sim ɗin nan da bai kai farcen babban yatsa ba. Da shi ka buɗe WhatsApp, da shi ka buɗe Facebook da TikTok, shi banki ya sani, shi OPay ko PalmPay ko Moniepoint ke tura wa lambar tabbatarwa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka canza fasalin naira, har mai sayar da kifi da mai albasa sun koma karɓar tiransifa. Wanda ya riƙe layinka ya riƙe makullin rumbunka.

Yanzu tuna yadda muke caji. Wuta ba tabbas, sai ka kai wayar wurin mai caji, a ba ka 'yar lamba, ka tafi harkarka. Yawancin masu cajin nan mutanen kirki ne masu neman halak ɗinsu, amma ranar kasuwa wayoyi sun fi ƙarfin idon mutum ɗaya, hannuwa kuma suna ta kai-komo a kan tebur. Wanda ya san abin da yake nema ba ya buƙatar buɗe wayarka. Tsinke kawai zai sa ya zare sim ɗin, ya saka a wata 'yar ƙaramar waya, ya fara danne-dannen lambobin banki. Haka abin yake in an yanke maka aljihu a tasha. Norton ɗin da ka biya da dala yana can kwance cikin wayar yana gadin gangar jiki, an riga an fita da ruhin. Abin da ke tare wannan ƙofa kyauta ne, kuma yana cikin saitin wayarka tun ranar da ka saye ta: kulle sim da lambar sirri. Da zarar an cire shi an sa a wata waya, sai ya nemi lambar. A yi kuskure sau uku ya kulle kansa, sai da lambar PUK da ke jikin katin da sim ɗin ya zo a ciki. Don haka kafin ka taɓa saitin nan ka nemo katin, ko ka je ofishin kamfanin layinka su taimaka maka. Kada ka yi ta cinke, PUK ma in aka yi kuskurenta sau goma layin ya mutu.

Ka ƙara da abu ɗaya: hana saƙonni bayyana a fuskar waya in tana kulle. Me amfanin zanen kulle mai wahala, alhali lambar da banki ya turo tana nan ɓaro-ɓaro a saman gilashi kowa na karantawa?

Ƙofa ta biyu ta fi ciwo, domin ita ba kuɗi kaɗai take ci ba, har da mutunci. Wani zai kira ka da murya mai daɗi, ya yi sallama, ya ambaci sunan zauren WhatsApp da kuke ciki, na 'yan ajinku ko na ƙungiyar matasan gari. Ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida, karanto masa ya sa sunanka. Lambar nan ita ce wadda WhatsApp ke turowa in ana son ɗora akawun ɗinka a sabuwar waya. Kana gama karantowa an fitar da kai daga gidanka. Kafin la'asar kawunka da ke Birnin Kebbi, da abokin cinikinka na Malanbil, da ƙanwar mahaifiyarka duk sun samu saƙo da hotonka a sama: "Don Allah a taimaka min da dubu hamsin, zan mayar da yamma." Ke kuma 'yar'uwa, hotunanki da hirarrakin zaurukan da kike ciki sun koma hannun wanda ba ki sani ba, kin kuma san yadda magana ke yawo a ƙaramin gari.

A yankinmu ciniki da amana ake yin sa. Dillalin shinkafa a wannan gefen ya turo saƙon murya da Hausa ko Dandanci, na wancan gefen ya loda kaya ba tare da takarda ba. Ranar da aka yi damfara da lambarka, ko ka rantse da abin da zai kashe ka, wani zai ci gaba da kallonka da ita. Babu manhajar tsaro a duniya da za ta shiga tsakanin kunnenka da bakin ɗan damfara. Tun 2016 WhatsApp ya rufe saƙonni da kira ta yadda na waje ba ya ji, kuma wannan alheri ne, amma yana nufin mai gadin da ka saya shi ma a waje yake tsaye. Maganin yana cikin WhatsApp ɗin kansa tun 2017: tabbatarwa mai mataki biyu, wato wata lamba shida da kai ka zaɓa, wadda ba a turo ta ta saƙo. Minti biyu ya ishe ka kunna ta. In ka shiga saitin, ka leƙa jerin na'urorin da ke haɗe da akawun ɗinka, duk wadda ba ka gane ba ka fitar da ita.

Sai matsalar da ta keɓanta da mu 'yan bakin iyaka, wadda ba za ka taɓa jin ta a tallar kowane kamfani ba. Da yawanmu layi biyu gare mu: na Najeriya mai +234, da na Benin mai +229, ko MTN na can, ko Moov, ko Celtiis. Aljihu ɗaya naira, ɗaya sefa. Ka tsallaka wajen Segbana ko Malanbil, ka so shiga Facebook a wata waya, a ce an tura lamba zuwa layinka na gida. Wani lokaci ta zo, wani lokaci ka yi ta ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Daga nan ne mutum ke gajiya ya kashe tsaron gaba ɗaya. Ga kuma layin da aka jefa a aljihun jaka aka manta: in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na karɓe lambar ya sayar wa wani, sabon mai ita kuma shi zai riƙa karɓar saƙon dawo da akawun ɗinka. Wani ƙarin abu, tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobin Benin suka koma goma, aka ƙara 01 a gabansu. In da layin can ka yi rajistar Gmail ko Facebook, ka shiga ka duba wace lamba ce ke ajiye a wurinsu.

Abin da ya dace da mai tsallaka iyaka shi ne 'yar manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Ita ke ƙirƙiro lambar a cikin wayar, tana canzawa duk daƙiƙa 30, ba ruwanta da sabis ko data. Kana tsakiyar kogin Kwara a cikin kwalekwale ma za ta ba ka lamba. Facebook, Instagram da Gmail duk suna karɓarta. In ka kunna, za su ba ka wasu lambobin ko-ta-kwana. Rubuta su a takarda da biro, ka adana inda kake adana takardar gona ko ta makaranta. Kada ka ɗauki hotonsu ka bari a wayar da kake tsoron a sace.

Ka lura duk abin da na lissafa zuwa yanzu ko sisi ba a biya ba.

To maganin bairos ɗin fa? A nan sai an fahimci yadda Android ke aiki. Kowace manhaja a ɗakinta take, an katange ta daga leƙa ɗakin wata. Wannan katanga ta shafi mai gadin ma. Abin da yake iya yi bai wuce duba manhajojin da ka saka da gargaɗi kan wasu shafuka ba, kuma tun 2017 Google ya saka Play Protect yana yin kusan wannan aiki a duk wayar da ke da Play Store. Kamfanonin da ake biya kan fi shi kama wasu abubuwa, gaskiya ne. Amma ka dubi wayar da ke hannunka: itel ce, ko Tecno, ko Infinix, mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda in ka buɗe TikTok da WhatsApp tare take fara nishi. Ka ɗora mata manhajar da ba ta barci, tana shan batir tana shan data, a garin da ake biyan kuɗin caji. Bayan sati biyu da kanka za ka goge ta. Har ila yau akwai cutar da ta fi ƙarfinsa. A 2020 masu bincike sun gano wasu wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Ghana, Kamaru da Habasha sun fito daga kwali ɗauke da muguwar manhaja mai suna Triada, wadda ko an wanke wayar take dawowa. Kamfanin Transsion ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, kuma gyaran daga wurinsa ya zo. Shi ya sa saƙon nan na sabunta waya da kake ta dannawa "sai anjima" saboda tsoron data ya fi kowane maganin bairos muhimmanci.

Akwai kuma batun amana. Tsintsiya maɗaurinta ɗaya, in ya tsinke kowane tsinke ya kama gabansa. Manhajar da ka miƙa wa kalmomin sirrinka, da hanyar intanet ɗinka, da izinin ganin duk shafin da ka shiga, ta san ka fiye da abokinka na ƙut da ƙut. A Fabrairun 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci tarar Avast dala miliyan 16.5, saboda ya yi shekaru yana tattara bayanan shafukan da mutane ke shiga yana sayarwa ta wani reshensa mai suna Jumpshot, alhali alƙawarin kare sirri yake yi musu. A Yunin shekarar gwamnatin Amurka ta haramta sayar da Kaspersky a ƙasarta kan zargin alaƙa da gwamnatin Rasha, zargin da kamfanin ya musanta. A Satumba masu amfani da shi a can suka wayi gari suka tarar ya ɓace daga kwamfutocinsu, wani baƙo mai suna UltraAV ya zauna a gurbinsa. Ranar 19 ga Yuli 2024 kuwa, kuskure ɗaya a sabuntawar CrowdStrike, wanda manyan kamfanoni ke amfani da shi don tsaro, ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a lissafin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cak. Ba ɓarawo ya yi ba, mai gadi ne ya yi tuntuɓe da makullan gidan duka a ƙugunsa. Kuma in ka ce ka bar Avast ka koma AVG, ko Avira, ko Norton, ka sani tun 2022 duk 'yan gida ɗaya ne ƙarƙashin Gen Digital.

Kada kuma ka ɗauka wai tunda na ce a raba kwaɗo, sai a cika waya da tarkace. Wannan ita ce cutar da ta fi kama mu. Za ka karɓi wayar saurayi ka ga mai share shara biyu, mai sanyaya batir ɗaya, mai ƙara gudu ɗaya, VPN uku, duk an turo su ta Xender daga wayar aboki, ba wanda ya san asalinsu. Clean Master da kowa ke yayi a da, Google ya kore ta daga Play Store a 2020 tare da sauran manhajojin kamfanin da ya yi ta. VPN kuwa mun koye shi ne lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, muka ɗauka wani sulke ne. Aikinsa kawai ya ɓoye wa kamfanin layinka inda kake shiga, ya miƙa wannan sanin ga mai VPN ɗin. Ba ya hana damfara, ba ya hana satar akawun. Na kyautar nan kuma, banza ba ta kai zomo kasuwa. Facebook ma ya taɓa raba wani VPN kyauta mai suna Onavo yana nazarin abin da mutane ke yi a wayoyinsu, har aka cire shi daga shagon Apple a 2018. GBWhatsApp da danginsa, da kake so don ka karanta saƙon da aka goge, su ne ƙofar da ka buɗe da hannunka, ga haɗarin WhatsApp ya rufe lambarka.

Ma'ajiyar kalmomin sirri ma ba waliyyiya ba ce. A 2022 an kutsa LastPass aka kwashi kwafin rumbunan mutane, duk da a kulle suke. Duk da haka na fi yarda da ita, ko wadda ke cikin akawun ɗinka na Google ko Bitwarden ta kyauta, a kan abin da yawancinmu ke yi: lambar waya ko shekarar haihuwa a matsayin kalmar sirri ta ko'ina. Rarraba tsaro yana da nasa nauyin, domin kai ne za ka tuna da kowane kwaɗo. Shi ya sa ya kamata su zama 'yan kaɗan, kowanne ka san aikinsa, kowanne daga Play Store ya fito. Ka kuma nemi lambar da bankinka ya tanada don rufe akawun daga wayar wani, mafi yawan bankuna suna da ita, ka rubuta a takardar nan. Ranar da waya ta ɓata, ita ce abu na farko da za ka nema, kafin kuka.

Akwai wanda jakar magori ta dace da shi, ba zan ɓoye ba. Mai shagon kwamfuta a Bagudo da ke cike wa ɗalibai fom da buga takardu, kwamfuta uku ko huɗu, yara na aiki a kansu, filash da memori na shiga suna fita tun safe. Haka mai tura fina-finai da waƙoƙi a bakin kasuwa. Windows ba kamar Android ba ce, a can bairos na yawo da gaske, kowa ya san wanda ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ya ɓoye na ainihi. Mutum ɗaya ba zai iya bin kowace kwamfuta da kwaɗo biyar ba. In ya biya lasisi ɗaya ya rufe su duka, ya ga komai a allo guda, kuɗinsa bai tafi a banza ba, domin da kwamfutocin yake ci. Sai dai ya karanta farashin shekara ta biyu kafin ya biya na farko, don al'adarsu ce su yi rangwame a shiga, su cire cikakken kuɗi da kansu in shekara ta zagayo, kuma da dala.

Kai kuma ɗalibi da ka tafi Aliero ko Waziri Umaru da 'yar kwamfutarka ta hannu ta biyu, Microsoft Defender da ya zo cikin Windows ya ishe ka, in kana barinsa ya sabunta. Abin da zan roƙe ka shi ne ka hana mai gyara ɗora maka maganin bairos ɗin da aka fasa, wanda ake cewa "an yi masa aiki, har abada ne". Wanda ya fasa shi ba don Allah ya yi ba. Kuma da zarar an saka wani, Defender kan ja gefe ya ba shi wuri. Ka ga an sallami mai gadi na gaskiya an ɗauki wanda ɓarawo ya kawo. Kada kuma a haɗa biyu a kwamfuta ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa, faɗa za su yi ta yi da juna kwamfutar ta yi nauyi. Ka duba ma wace Windows ce a kai. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba, kuma yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu ita ce a kansu, wasu ma Windows 7. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya ratsa ƙasashe kusan 150, ya tsayar da asibitoci a Birtaniya, alhali tun Maris Microsoft ya fitar da gyaran ramin da ya bi. Waɗanda ba su sabunta ba su ya kama.

In za ka kai memorinka a zuba maka fim ranar kasuwar Tsamiya, ka ware wani daban don wannan aiki, wanda babu hotunan gida ko hoton katin NIN ɗinka a ciki. In ka dawo ka ga wani fayil da sunansa ya ƙare da apk wanda ba kai ka ce a sa ba, kada ka buɗe shi, goge shi.